Dabbobin da Ba Sa Son a Gan Su: Yadda Ake Binciken Kwaɗi da Masu Jan Ciki

Mai binciken tsuntsaye yana ɗaga tabaran hangen nesa ya ga abin da ya fito nema. Mai ƙirga giwaye yana iya yin aikinsa daga cikin jirgin sama. Shi kuwa mai binciken kwaɗi da dabbobi masu jan ciki, abin da yake nema yana ƙarƙashin dutse, ko cikin suri, ko cikin ruɓaɓɓen kututture, ko kuma ya binne kansa a ƙasa tun wata shida da suka wuce. Akwai kwaɗin da ba sa fitowa fili sai 'yan darare a shekara. Akwai macizan da mutum zai yi shekaru yana bin daji ɗaya bai yi ido biyu da su ba, alhali suna nan. Daga wannan matsala kusan duk dabarun fannin suka fito, kuma ita ce ta sa za ka tarar ƙwararren masanin macizai ya san ciyayi, ya san ƙwari, ya san irin ƙasa da haɗuwar hadari. In bai san dajin ba, ba zai sami dabbar ba. In ma ya samu, ba zai gane abin da ya gani ba.

Fannin ya haɗa gida biyu da ba su da kusanci sosai a asali. Na farko shi ne masu rayuwa tsakanin ruwa da tudu, nau'i sama da 8,000. Kwaɗi ne suka fi yawa, sun haura 7,000, sai salamanda masu siffar ƙadangare amma da jiƙaƙƙiyar fata, sai sisiliyan marasa ƙafa da ke zama cikin ƙasa, waɗanda mai gani zai ɗauka tana ce. Gida na biyu shi ne masu jan ciki, nau'i wajen 12,000: ƙadangaru da danginsu irin su hawainiya, tsaka, kulɓa, damo da guza, macizai sama da 4,000, kunkuru da kififiya wajen 360, kadoji, da tuwatara mai kama da ƙadangare, nau'i guda tilo a Niyu Zilan. A asalin halitta kada ya fi kusa da tsuntsu a kan ƙadangare, balle kwaɗo. Carl Linnaeus ne ya zuba su a rukuni ɗaya a 1758, aka kuma ci gaba da nazarinsu tare saboda dalili na aiki: wuri ɗaya ake samun su, da kayan aiki iri ɗaya, kuma dukkansu daga waje zafin jikinsu ke zuwa.

Wannan batu na zafi shi ne mabuɗin farko. Ƙadangaren da ke kan dutse da hantsi jikinsa kan kai digiri 35 ko fiye, kusa da na ɗan Adam, sai dai shi rana ce ta ba shi. Raymond Cowles da Charles Bogert sun nuna a 1944, a hamadar Kalifoniya, cewa ƙadangaru suna tsare zafin jikinsu kada ya wuce wani ɗan mataki, ta hanyar kai-komo tsakanin rana da inuwa, da manna ciki a kan dutse ko ɗaga shi sama. Tunda ba ya ƙona abinci don ɗumama kansa, abin da yake buƙata bai wuce kashi 1 cikin 10 na abin da ɓera mai nauyinsa ke buƙata ba. Shi ya sa mesa za ta haɗiye abu guda ta kwanta watanni. Shi ya sa kuma yawansu ke ba mutane mamaki: a dajin Hubbard Brook na Amurka, binciken da aka wallafa a 1975 ya gano cewa in aka haɗa nauyin salamandan da ke ɓoye cikin busassun ganyaye, ya ninka na tsuntsayen dajin duka. Mai wucewa kuwa ba zai ga ko ɗaya ba.

Saboda haka lokaci da yanayi su ne rabin aikin. Wurin da ya ba da ƙadangaru 30 da ƙarfe 9 na safe zai iya ba da 2 da tsakar rana, kuma wanda bai rubuta lokaci da zafin iska ba zai ɗauka wurin ne ya lalace. Auna zafin jikin dabbar ma yana da ƙa'ida. Ana sa siririn ma'auni a mafitar kashi cikin daƙiƙa 15 zuwa 20 da kamawa, a riƙe ta yadda tafin hannu ba zai rufe cikinta ba, don ƙaramin ƙadangare yana ɗaukar zafin hannun mutum nan take. Wanda aka sha tsere da shi kafin a kama, ko ya riga ya shige inuwa, ba a rubuta nasa. Daga nan a auna zafin ƙasar da yake zaune a kai da na iskar da ke ɗan sama da ita, domin da su ne za a gwada lambar farko.

Zafi yana shiga har cikin ƙwai. A 1966, a Dakar, Madeleine Charnier ta lura cewa zafin da ƙwan ƙadangaren nan mai jan gwada ya samu shi ke yanke ko ɗan zai fito namiji ko mace. Daga baya aka tarar haka abin yake ga kadoji da mafi yawan kunkuru. Ga kunkurun teku iyakar tana wajen digiri 29: sama da haka mata ke rinjaye, ƙasa da haka maza. Wani bincike na 2018 a arewacin babban shingen murjani na gaɓar Ostareliya ya tarar sama da kashi 99 cikin 100 na ƙananan koren kunkuru mata ne. Don haka mai kwashe ƙwai daga inda ruwa zai ci su, da niyyar ceto, zai iya yin ɓarna biyu. In ya binne su a yashin da ya fi na asali zafi, ya karkatar da jinsin 'ya'yan. In kuma ya juya ƙwan, ya kashe shi, domin ɗan tayin yana manne wa saman ɓawon tun a farkon kwanciya. Ana sa alama da fensir a saman kowane ƙwai kafin a ɗaga shi, a ajiye shi yadda aka same shi, a zurfin da uwar ta haƙa.

Ga kwaɗi, ruwa ne ke mulki. Kwaɗo ba ya sha da baki. Fatar mararsa da cinyoyinsa ce ke tsotso ruwa daga danshin ƙasa, kuma ta fata yake wani ɓangare na numfashinsa. Duk abin da ya narke a ruwa, gishiri ne ko maganin feshi, hanya a buɗe take zuwa jininsa. Babban burduddugin kudancin Afirka yana binne kansa idan rani ya shigo, ya lulluɓe jikinsa da saɓar fatarsa rufi bisa rufi don kada ya bushe, ya jira ruwan sama mai ƙarfi. Ranar da aka yi shi sai ya fito, a yi barbara cikin kwana ɗaya ko biyu, 'ya'yan su yi ƙafa cikin kamar mako uku. In kududdufin ya fara janyewa, uban yana haƙa musu hanya da ƙafafun baya zuwa ruwa mai zurfi. Mai binciken da ya makara da mako guda zai rubuta cewa babu burduddugi a wurin. Abin da ake karantawa a jikin kududdufi shi ne tsawon lokacin da yake riƙe ruwa. Wanda ke ƙafewa da wuri yana kashe 'ya'yan tun suna da wutsiya. Tafkin da ba ya ƙafewa kuma yana da kifi, kifi kuwa yana cinye su. Nau'o'i da yawa tsaka-tsaki suke nema, kuma ana gane irin wannan wuri ko da rani, daga tsagewar laka, da zanen da ruwa ya bari a gindin itatuwa, da irin ciyawar da ta tsiro a ƙasan.

Hanyar nema mafi sauƙi ita ce da ido, amma a ƙayyade ta. Mutum biyu da suka yi sa'a 2 suna bin layi mai tsawon da aka auna sun yi aikin sa'a 4, kuma da wannan lamba ake raba abin da suka samu, in ba haka ba ba za a iya gwada wuri da wuri ba. Da dare fitilar goshi ta fi tocilar hannu, saboda hasken da ke dawowa daga idon kada ko kwaɗo yana komawa ne inda ya fito, wato kusa da idon mai nema. Dutse ko kututturen da aka ɗaga ana mayar da shi yadda yake, tukuna a saki dabbar a gefensa ta shige da kanta. In aka mayar da shi a kanta za a danne ta, in aka bar shi a kife danshin da ya ɗauki shekaru yana taruwa zai tafi cikin yini. Kunne ma kayan aiki ne. Maza ne ke kuka, kowane nau'i da nasa, kuma sau da yawa kukan ya fi kamanni raba nau'i biyu. Ana tsayawa minti 5 a kowane zango, a fara rabin sa'a bayan faɗuwar rana, a ba da maki: 1 in ana iya ƙirga masu kukan ɗaya-ɗaya, 2 in kukan yana hawa kan juna amma ana iya rabewa, 3 in ya game wurin baki ɗaya. In an naɗi murya dole a rubuta zafin iska, don kwaɗo ɗaya yana saurin kuka a daren ɗumi, yana ja a daren sanyi.

Ga waɗanda ba sa kuka kuma ba sa bari a gan su, akwai shinge da bokiti. Ana kafa shingen leda mai kauri ko falle na ƙarfe, tsayinsa santimita 40 zuwa 50 a saman ƙasa, a binne gindinsa kamar santimita 10, sannan a nutsa bokitai masu cin lita 20 a kan layin, tazarar mita 5 zuwa 10. Dabbar da ta ci karo da shingen sai ta bi gefensa har ta faɗa. A faɗe abu ne mai sauƙi, amma a nan aka fi yin kuskure. In bakin bokitin ya ɗara ƙasa ko da faɗin yatsa, ƙananan kwaɗi da kulɓa za su zagaye shi. In akwai 'yar kafa a gindin shingen, ta nan kowa zai bi. Bokitin da ba a huda ƙasansa ba zai cika da ruwan sama ya nutsar da ƙadangaru. Wanda aka yi wa manyan huji kuma siraran macizai za su zurare. A fadama inda ruwan ƙasa ke kusa, hujin ne zai shigo da ruwa, ko ruwan ya turo bokitin sama gaba ɗaya, sai an danne shi da turaku. Kowane bokiti yana buƙatar jiƙaƙƙen soso don kwaɗi, da murfi da aka ɗaga a kan duwatsu don inuwa, da ɗan guntun katako da ɓera zai hau in ruwa ya taru. Ana dubawa kowace safiya kafin rana ta yi zafi, a lokacin zafi sau biyu a yini. Tururuwa na iya kashe duk abin da ke ciki cikin dare ɗaya, kuma da zarar tunku ko tsuntsu ya gane layin zai riƙa riga mai aikin zuwa. Ranar da ba za a duba ba, a rufe bokitan ruf. Bokitin da aka manta a buɗe yana ci gaba da kisa har shekaru, kuma wannan sakaci ne da ba shi da uzuri. Ko an yi komai daidai, tarkon yana da son kai: kwaɗin bishiya suna hawowa su fita, manyan macizai ma haka, don haka ake haɗa shi da tarkon raga mai bakin mazurari a kwance a jikin shingen.

Ana kuma shimfiɗa allunan katako ko fallayen kwano a ƙasa a bar su makonni ko watanni su zama mafaka; katako yana riƙe danshi ya jawo kwaɗi da salamanda, kwano yana ɗaukar zafi ya jawo macizai. Wajen ɗagawa ana kamo gefen da ke nesa da ƙugiya a jawo shi, yadda allon zai tsaya tsakanin ƙafafun mutum da abin da ke ƙasa. Tun 2008, lokacin da aka gano wani kwaɗon Amurka a tafkunan Faransa ta hanyar gwada ruwa kawai, an sami wata hanya: a tace ruwa a nemi burbushin ƙwayar halittar da dabba ta zubar. Tana da ƙarfi wajen gano ɓoyayyu, amma ba ta faɗin yawansu ko shekarunsu, kuma a rafi ruwa na iya kawo burbushin daga nesa.

Duk wannan yana kai mu ga lissafin da ya fi komai muhimmanci, wanda kuma aka fi tsallakewa. A ce akwai wani maciji a wuri, kuma damar ganinsa a fita ɗaya kashi 30 ce cikin 100. Damar rasa shi a fita biyu a jere ita ce 0.7 sau 0.7, wato kashi 49. Mutumin da ya je sau biyu ya ce babu, kusan rabin lokaci kuskure yake yi. Sai ya je sau 9 kafin damar kuskuren ta sauka ƙasa da kashi 5. Rahoton da ya ce babu wata dabba a filin da za a gina, bayan ziyarar yini ɗaya da rani, bai cancanci a kira shi bincike ba. Ƙiyasta yawa kuma da kamawa a sake kamawa ake yi. A kama 40 a yi musu alama a saki. Bayan kwanaki a kama 50, a tarar 10 na da alama. Tunda kashi ɗaya cikin biyar na kamun biyu masu alama ne, 40 ɗin nan kashi ɗaya cikin biyar ne na duka: kimanin 200. Lissafin yana tsayawa ne kawai in alamar ba ta goge ba, babu masu shigowa ko fita da yawa a tsakani, kuma wanda aka taɓa kamawa bai koyi gudun tarko ba. In ya koya, masu alama za su yi kaɗan a kamu na biyu, lambar ta kumbura, a ce dabbar da ke ƙarewa tana da yawa. Babu lissafin da zai gaya wa mutum ko waɗannan sharuɗɗa sun cika. Sanin halin dabbar ne kaɗai zai gaya masa.

In dabba ta zo hannu, ma'aunin da ake dogara da shi shi ne daga hanci zuwa mafitar kashi, domin wutsiya tana gutsurewa ta sake tsirowa gajera. Ana auna nauyi a cikin jaka sannan a cire nauyin jakar. Macizai ana rabe su da ƙirga ɓawon jiki: layukan da suka zagaye tsakiyar jiki, da na ciki, da na ƙarƙashin wutsiya, don launi yana yaudara ƙwarai. Alama kuma iri-iri ce. Kunkuru ana yi masa 'yar tsaga da zarto a gefen ƙwaryarsa bisa tsarin lamba. Manyan dabbobi ana cusa musu ƙaramar na'ura mai tsawon milimita 8 zuwa 12 a ƙarƙashin fata, ba ta da batir, sai an kawo na'urar karantawa kusa take ba da lambarta. In za a ɗaura mai aika sigina don bin sawu, kada nauyinta ya wuce kashi 5 cikin 100 na nauyin dabbar. Yanke yatsun kwaɗi tsohuwar hanya ce da ya kamata a bari inda akwai wata, domin an nuna cewa yawan yatsun da aka yanke yana rage damar sake ganin kwaɗon. Ga masu zane a ciki ko baya, hoto ya wadatar.

Macizai masu dafi suna da nasu babin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa saran maciji yana kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 a shekara, kuma ƙwarewa ba ta hana shi. Karl Schmidt na gidan adana kayan tarihin halitta na Field a Shikago ya rasu a 1957, kwana ɗaya bayan ƙaramin macijin bishiya na Afirka mai suna bumsilan ya sare shi a yatsa. Ya ɗauka ƙarami mai fiƙa a can cikin baki ba zai iya zuba dafin kisa ba. Joseph Slowinski ya rasu a Miyanma a 2001 bayan ya tura hannu cikin jakar da aka ɗauka maciji marar dafi ne a ciki. Ƙa'idojin aikin daga irin waɗannan suka fito. Ba a sa hannu a jaka, zazzage ta ake yi. Jakar mai dafi ana yi mata babbar alama, a sa ta cikin akwati mai tauri, a ɗauke ta daga saman ƙullin, don fiƙa tana huda yadi. Ana aiki da ƙugiya, a lallaɓa kan macijin ya shiga bututun roba mai haske daidai kaurinsa, a riƙe inda bututun da jikin suka haɗu. In bututun ya yi faɗi zai juyo a ciki. Akwai wani baƙin macijin ƙasa, Atractaspis, da ba a iya riƙe shi ta wuya ko kaɗan, domin yana fito da fiƙa ta gefen baki ya caka baya. Inda akwai masu tofa dafi, tabarau wajibi ne, in ya shiga ido kuma a wanke da ruwa mai yawa nan take. Kafin a fita a san asibitin da ke da maganin dafin macizan wannan yankin. In an yi sara, a cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a tafi asibiti. Tsagawa da tsotsa da ɗaurin da ke tsayar da jini ƙara ɓarna suke yi.

Shi ma mai binciken yana iya zama haɗari ga dabbar. A 1987 an ƙirga kwaɗon zinare wajen 1,500 a kududdufan tsaunin Monteverde na Kosta Rika. A 1989 namiji ɗaya aka gani, kuma daga shi ba a sake ba. A shekarar ce masana fannin suka yi babban taronsu na duniya na farko a Canterbury ta Ingila, suka tarar kowa ya zo da irin wannan labari daga tsaunin da yake aiki. Sai a 1998 Lee Berger da abokan aikinta suka gano wata cutar fata da ke kashe kwaɗi a matattun kwaɗin Ostareliya da Panama, a 1999 kuma Joyce Longcore da nata suka raɗa wa ƙwayar suna Batrachochytrium dendrobatidis. Dangin fumfuna ce, tana iyo a ruwa, tana cin saman fata har ta kaurara. Fatar sai ta kasa shigar da gishirin da jini ke buƙata, zuciya ta tsaya. Ta fi yaɗuwa tsakanin digiri 17 da 25, abin da ya sa ƙoramun tsaunuka masu sanyi suka fi shan wuya. Wani nazari na 2019 ya danganta ta da raguwar nau'i 501, 90 daga ciki ana jin sun ƙare. Ƙididdigar 2023 ta sa kashi 41 cikin 100 na dangin kwaɗi cikin barazana, ta 2022 kuma ta sa kashi 21 na masu jan ciki, ko da yake har yanzu share daji da cike fadama sun fi cutar ɓarna.

Lakar takalmi tana iya ɗaukar ƙwayar daga rafi zuwa rafi. Don haka ana kankare lakar tukuna, saboda tana kashe ƙarfin magani, sannan a jiƙa takalmi da raga a ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta na Virkon mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 na 'yan mintuna, a ɗauraye nesa da rafin. Kowane kwaɗo da sabuwar safar hannu marar hoda da ledarsa shi kaɗai. 'Ya'ya masu wutsiya sun fi rauni, safar roba irin ta "latex" tana iya kashe su. Man korar sauro a hannu ma guba ne ga fatar kwaɗo. Gwajin cutar da tsinken auduga ake yi, a goga kamar sau 30 a ciki da cinyoyi da tsakanin yatsu, inda ƙwayar ta fi taruwa, a sa shi a kwalbarsa mai lamba.

Cutar ta isa El Copé na Panama a 2004, inda Karen Lips da tawagarta suka riga suka yi shekaru suna bin layuka ɗaya suna rubuta duk abin da suka gani, har macizan da ba su ne manufar aikin ba. Albarkacin wannan rubutu aka iya nunawa a 2020 cewa bayan kwaɗin sun tafi, nau'o'in macizan da ke cin su da ƙwansu sun ragu, wasu da suka saura kuma sun rame. A tsibirin Guwam na tekun Pasifik abin ya bi ta ɗaya ɓangaren: macijin bishiya da ya shigo cikin kayan soja bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙarar da 10 cikin nau'i 12 na tsuntsayen dajin, gizo-gizo ya yi yawa, itatuwan da tsuntsaye ke yaɗa irinsu suka rage tsirowa. Wanda idonsa ke kan dabbarsa kaɗai ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Shi ya sa littafin rubutu yake da daraja haka. Tsarin da Joseph Grinnell ya kafa a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley daga 1908 har yau ana bin sa: a rubuta a wurin, ba a jira dare ba, kwanan wata, lokaci, lambobin taswira, yanayi, abin da dabbar ke kai, abin da take yi, da abin da aka nema ba a samu ba. In doka ta ba da izini kuma akwai buƙatar ajiye samfuri, jerin matakan yana da muhimmanci. A ɗauki hoto da rai, don kore yana komawa shuɗi ko toka-toka a cikin kwalba. A kashe ba tare da azaba ba, ga kwaɗi da maganin sa barci irin MS-222. A yanki ɗan hanta ko tsoka a sa a itanol, wato sinadarin barasa, mai ƙarfin kashi 95 kafin fomalin, sinadarin hana ruɓewa, ya taɓa jikin, domin fomalin yana lalata ƙwayar halitta. Sannan a haɗa awo 1 na fomalin da awo 9 na ruwa, a baje yatsu, a yi wa manya allurarsa a ciki don kada hanji ya ruɓe kafin ya ratsa, a bari ya sandare, a ɗauraye, a mayar cikin itanol mai kashi 70. Takardar shaida ana ɗaure ta a jikin dabbar, da fensir ko tawadar da ba ta narkewa. Rubutun biro yana wankewa a itanol. Irin wannan ajiya ce ta ba da damar gano ƙwayar cutar nan a jikin kwaɗon da aka adana a Afirka ta Kudu tun 1938, shekara 60 kafin a san da ita.

Wuri guda ne cikakken bayani ke zama illa. An bayyana kififiya mai dogon wuya ta tsibirin Roti na Indunisiya a matsayin sabon nau'i a 1994, kuma cikin 'yan shekaru masu fataucin dabbobi suka kusan kwashe ta. Haka ya faru da wata tsaka ta kogunan dutse a kudancin Sin da aka bayyana a 1999. 'Yan kasuwar suna karanta mujallun kimiyya, suna bin taswirar da ke ciki. Don haka masu bincike da yawa yanzu, in dabbar mai kyau ce kuma mazauninta ƙarami, sunan yanki kawai suke wallafawa, su bar ainihin lambobin wurin a gidan adana samfura, inda sai mai dalili ake ba. Hoton waya ma yana ɗauke da lambobin wurin a cikinsa, sai an goge su kafin a ɗora shi a intanet.